Wai mene ne garɗi, kuma nama yana da shi?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da tambaya ga manyanmu da masu harkar girki. Na lura yaran yanzu kalma ɗaya ce ta rage musu in za su yabi abinci, wato daɗi. Rake daɗi, kindirmo daɗi, tsire daɗi, har lemun tsami daɗi. Mu kuwa da muka tashi gaban kakanni mun ji ana cewa wannan garɗi gare shi, wancan zaƙi, wancan kuma ɗan tsami-tsamin nan nasa shi ne daɗinsa. Zaƙi dai kowa ya san shi. Garɗin ne nake so a fayyace mini, don ɗiyata ta tambaye ni na kasa yi mata bayanin da zai gamsar da ita. Sannan nama yana da garɗi ko babu? Ni a wurina babu, maƙwabciyata a Rikkos kuma ta dage akwai.

Abu_Sadiq_Gangare:
Wa alaikumus salam. Garɗi shi ne abin da kike ji in kin tauna soyayyiyar gyaɗa ko aya ko kwakwa. Babu sukari a ciki, amma hannu ba ya son barin kwanon. Nama daɗi gare shi kawai. Ina bayanki a nan.

Hajiya_Mai_Masa:
Maman Ilham, Allah ya raya mana Ilham da ta kawo wannan tambaya. Ni da tanda na girma, don haka bari in faɗi abin da bakina ya sani. Zaƙi da wuri yake zuwa, harshe na taɓa shi ya sanar da kai, kuma in ya yi yawa sai ya ginshe ka. Garɗi kuwa sai ka tauna, ya cika maka baki a hankali, kuma bayan ka haɗiye yana nan zaune a harshe. Ki samu kindirmon safe wanda Bafillatana ba ta kaɗe mansa ba, ki sha cokali ɗaya ba sukari ba fura. Sannan ki sha tsala. Dukansu nono ne, amma na farkon yana da garɗi, na biyun tsami kawai ya rage masa. Ki ba yarinyar su biyun ta ɗanɗana, ba sai kin yi dogon bayani ba.

Dan_Dilimi:
Ni fa ban yarda da ku ba. Wanda ya ce nama ba shi da garɗi bai taɓa zuƙar ɓargo ba. Hanta gasasshiya fa? Tantaƙwashi fa? Kilishi fa?

Abu_Sadiq_Gangare:
Dan Dilimi, kilishi ba hujja ba ce. Garɗin da kake ji na tunkuza ne, ita ake damawa da kayan yaji a yi labu a tsoma naman. Haka tsire, ƙuli ne ke ba shi. Ka ci balangu wanda gishiri kaɗai aka sa masa ka gaya mini ko garɗi za ka kira abin da ka ji.

Dan_Dilimi:
To ɓargon fa? Ka tsallake shi.

Malam_Nahawu:
Kafin rigimar nama ta yi nisa, bari in sa baki ta ɓangarena. Daɗi uwa ce, duk sauran a ƙarƙashinta suke, shi ya sa yara suka kama ta suka saki sauran. Zaƙi yana iya zama daɗi, garɗi ma haka, kai har ɗaci da tsami suna zama daɗi in sun zo a muhallinsu. Kuma daɗi ba na baki kaɗai ba ne: barci na da daɗi, hira na da daɗi, iskar Jos ta yamma na da daɗi.

Akwai wani abu da yake burge ni game da waɗannan kalmomi. Ku faɗe su a jere ku saurara: daɗi, zaƙi, garɗi, tsami, ɗaci, bauri, zartsi, ƙamshi, ƙauri, ƙarni, zafi, sanyi, tauri, laushi, kaushi, nauyi. Duk gaɓa biyu ce, ta farko mai nauyi, murya a sama take a gaɓoɓin biyu ba ta sauka, kuma duk da wasalin i suke ƙarewa. Dangi ɗaya ne a nahawu, sunayen abin da jiki ke ji. Wani Bature masanin Hausa, F. W. Parsons, ya yi rubutu a kansu tun 1955. Kuma hanya ɗaya suke haihuwa: daɗi ya ba da daddaɗa, zaƙi ya ba da zazzaƙa, zafi ya ba da zazzafa, jam'insu daɗaɗa, zaƙaƙa, zafafa. Wato Bahaushe ya haɗa abin da harshe da hanci da fata ke ji a gida guda.

Roƙo ɗaya: ku riƙa sa lanƙwasa. Na ga wasu a wasu zauruka suna rubuta gardi da zaki. Gardi ai babban almajiri ne ko mai wasa da maciji, zaki kuma na dawa ne.

Zee_Unguwar_Rogo:
Malam wayata ba ta da haruffan, a yi mini uzuri. Amma na karu sosai, ban taba lura da wannan ba.

Ngo_Bukuru:
Sannunku duka. Ni Hausa a kasuwa na koya, amma abin da Malam ya ce game da ɗaci gaskiya ne, mu mutanen Filato mun san shi. Gwate in babu gauta a ciki ba mu ce ya cika ba. Ana dafa ƙashi ya yi romo, a zuba tsakin acca ko na masara, a sa alayyafo da yakuwa, sai a yanka gauta. Yakuwa ta kawo tsami, gauta ta kawo ɗan ɗaci, accar ta riƙe su duka. Baƙo in ya fara sha yakan yamutsa fuska, kwana biyu sai ka ga shi ke tambaya yaushe za a sake. Kuma acca ita kanta ina ganin garɗi gare ta, musamman kununta in an sa madara.

Hajiya_Mai_Masa:
Ngo kin yi gaskiya, acca na da garɗi. Tamba ma haka.

Ummi_Kimiyya:
Bari in kawo abin da na karanta a fannin abinci, ko zai taimaka. Masana sun tabbatar da ɗanɗano biyar da harshe ke ganewa kai tsaye: zaƙi, tsami, ɗaci, gishiri, da na biyar da ake kira umami. Wani masanin sinadarai ɗan Japan, Kikunae Ikeda, shi ya gano shi a 1908. Ya lura romon da suke yi da wani ganyen teku yana da wani ɗanɗano da bai shiga cikin huɗun nan ba, ya bi diddigi ya samu sinadarin gulutamet ne ke kawo shi. A 1909 aka fara sayar da shi da sunan Ajinomoto, shi ne farin magin da muke gani a kasuwa. Wannan sinadari yana cikin nama da busasshen kifi da nunannen tumatir, kuma yana cikin daddawa sosai. Idan aka dafa kalwa aka sussuke aka rufe ta kwana biyu zuwa uku, wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani ne ke farfasa furotin ɗinta, gulutamet ya fito fili. Ashe kakanninmu sun daɗe suna haɗa shi da hannunsu.

Tambayata ita ce, shin umamin nan ba shi ne garɗi ba? In shi ne, to maƙwabciyar Maman Ilham ta ci gari, don nama cike yake da shi.

Dan_Dilimi:
Yauwa! Allah ya biya ki Malama Ummi. Ga kimiyya ta zo.

Hajiya_Mai_Masa:
A'a 'yata, ki dakata. Ban yi karatunki ba amma na san daddawa. Ba a taɓa zuba daddawa a miyar kuka a ce miya ta yi garɗi ba. Ba haka ake faɗa ba. Miyar da ake cewa ta yi garɗi ita ce ta taushe da ta ji gyaɗa da kabewa, ko miyar agushi, ko ta riɗi. Abin da daddawa da nama ke yi wa miya, mu a gidanmu cewa ake miya ta yi zaƙi. Kuma ba wanda ya sa sukari.

Baba_Na_Zazzau:
Hajiya ta taɓo inda nake jira. Mu ma a Zariya haka muka taso muna ji. Tsohuwa za ta ɗiga miya a tafin hannu ta lasa, ta ce da saura, ba ta yi zaƙi ba, a ƙaro daddawa. In an ƙaro ta sake lasa ta gyaɗa kai. Zaƙin miya daban, zaƙin zuma daban, kuma ba mai rikita su. Don haka Ummi, abin nan na mutumin Japan muna da sunansa tun da can, sai dai mun haɗa shi suna ɗaya da na rake. Garɗi kuwa a bar wa gyaɗa da nono da doya da rogo mai gari.

Zee_Unguwar_Rogo:
Ni kam in aka ce min miya ta yi zaki sai in dauka albasa ko tumatirin gwangwani ya yi yawa. A gidanmu aibi ne ba yabo ba.

Baba_Na_Zazzau:
Kin ga abin da Maman Ilham ke kuka a kai ke nan, jikata. Tsakanina da ke kalma ɗaya ta juya baya.

Ummi_Kimiyya:
Baba na gode, wannan bayani ya fi nawa zama. To in haka ne garɗi ya fi kusa da haɗuwar abu uku: maiƙo, da gari mai laushi a baki, da ƙamshin abin da wuta ta gasa. Ɗanyar gyaɗa ai gafi gare ta, sai ta sha yashi mai zafi take yin ja ta yi ƙamshi. Wannan canjin da wuta ke kawowa tsakanin sukari da furotin wani Bafaranshe mai suna Maillard ya bayyana shi a 1912, shi ne kuma ke sa bayan burodi da gefen masa su yi ja. Har yanzu masana na tattauna ko maiƙo shi ma ɗanɗano ne mai zaman kansa, na shida.

Auwal_Mai_Shayi_Terminus:
Ni abin da na sani a teburina, in mutum ya ce a sa masa shayi ya yi kauri, madara yake nufi, garɗi yake nema. In ya ce ya ji sukari, zaƙi yake nema. Kuma mutane biyu ne daban. Dattawa sun fi neman na farko, samari na biyu. Da sanyin Disamba kuwa kowa citta da kanumfari yake so su ji.

Maman_Twins_Bauchi_Road:
Tunda an ambaci farin magi, ni ina da ƙorafi. Girkin yanzu duk ɗanɗanonsa ɗaya ne. Ka je biki a Nasarawa Gwom, ka je suna a Bukuru, ka ci abincin gidan abinci, duk baki ɗaya. Dunƙule biyar, farin magi, kayan ƙamshin leda. Da can kana cin miya ka san hannun wadda ta yi. Yaran da suka tashi a kan wannan ta yaya za su san wata kalma bayan daɗi? Harshen nasu abu ɗaya aka koya masa.

Chef_Khadi:
Anti ban ƙi maganarki ba, amma a yi mana adalci. Nama nawa ne kilo yanzu? Macen da aka ba kuɗin cefane kaɗan, da me za ta ba miya ɗanɗano? Dunƙule ya rufa wa gidaje da yawa asiri. Abin da nake koya wa ɗalibaina shi ne a soya albasa a hankali har ta yi ja, a daka daddawa da ɗan busasshen kifi, sannan a sa dunƙule ɗaya maimakon huɗu. Kuma a tuna shi dunƙulen gishiri ne ya fi yawa a cikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya ke nan. Masu hawan jini a kula.

Maman_Twins_Bauchi_Road:
Maganar tsada gaskiya ce. Amma daddawa ai ba ta fi dunƙule tsada ba, warinta kawai 'yan mata ke gudu.

Chef_Khadi:
Warin yana mutuwa in ta dahu da kyau. A sa ta tun farkon sanwa, ba a ƙarshe ba.

Sakkwatanci_Zalla:
Mu a wajenmu gahi muka cewa, ba gafi ba, kamar yadda muka cewa zahi. Amma garɗi garɗi na ko'ina. Ku zo ku sha hura da nonon Sakkwato ku ji shi.

Injiniya_Bello_Kubwa:
Ina bin ku daga Abuja. Akwai abin da ba a taɓo ba, wato hanci. A 2020 na kamu da korona, ƙamshi ya ɗauke mini gaba ɗaya. Matata ta yi farfesun kayan ciki, ina ganin tururi yana tashi amma ba na jin komai. Na sha, na ji gishiri, na ji zafin barkono, shi ke nan. Na tauna gyaɗa na ji kamar ina tauna alli. Sukari kuwa ina jin zaƙinsa sarai. A nan na gane zaƙi na harshe ne, amma garɗi rabinsa na hanci ne. Sai da ƙamshi ya dawo abinci ya daina zama salam a bakina. Duk wanda mura ta taɓa toshe wa hanci a sanyin Jos ya ɗan san abin da nake faɗa.

Ummi_Kimiyya:
Sannu Injiniya, Allah ya ƙara lafiya. Haka abin yake, in ana tauna abinci ƙamshinsa na bi ta bayan maƙogwaro ya hau hanci. Zafin barkonon da ka ci gaba da ji kuma dalilinsa shi ne yaji ba ɗanɗano ba ne irin na zaƙi ko tsami. Sinadarin da ke cikin barkono yana taɓa jijiyoyin da ke jin zafin wuta ne. David Julius, wanda ya gano wannan, ya samu kyautar Nobel a 2021 tare da Ardem Patapoutian. Bahaushe da ya ce barkono na da zafi bai yi kuskure ba ko kaɗan.

Alhaji_Goro_Daya:
Ku yara kun yi ta zancen zaƙi da garɗi, kun manta da bauri. Ku ɓare goro ɗanye ku tauna. Farko ɗaci da bauri, baki ya ɗaure, harshe ya yi kamar an shanya shi. Ka yi haƙuri ka ci gaba da tauna, sannan ka kurɓi ruwa. Wani zaƙi zai taso maka wanda ba a sayar da shi a shago. Namijin goro ma haka. Mai cin goro ba ɗacin yake bi ba, abin da ke bayansa yake bi. Wannan kuma wane suna za ku ba shi?

Zee_Unguwar_Rogo:
Alhaji mene ne bambancin daci da bauri? Ni duk daya na dauke su.

Alhaji_Goro_Daya:
Ki tauna ganyen shuwaka ko na darbejiya, wannan ɗaci ne. Ki ciji ayabar da ba ta nuna ba, ko ɗanyar kanya, ko ki sha ruwan bunun da ya daɗe a wuta, wannan bauri ne. Ɗaci a harshe yake, bauri kuwa duk bakin yake kamawa ya busar da yawu.

Nanret_Bokkos:
Mu manoman dankalin Turawa muna da namu ma'aunin. Akwai dankalin da in ka dafa sai ya fashe ya yi gari-gari, ko mai ba ka sa ba za ka ci da gishiri kaɗai. Shi masu saye a Farin Gada ke cewa mai garɗi. Akwai kuma mai ruwa, wanda ya fi kyau a ido amma lami ne a baki. Wanda ya daɗe a wuri mai sanyi sosai kuma yakan ɗan yi zaƙi, in an soya ya yi saurin yin duhu, masu suya ba sa son sa. Kun ga a dankali garɗi yabo ne, zaƙi aibi.

Maman_Ilham:
Kai, na ƙaru fiye da yadda na zata, Allah ya saka wa kowa. Na yi abin da Hajiya ta ce, na sayo kindirmo da tsala na ba Ilham. Ta sha na farko ta ce wannan ya fi cika baki. Na ce to sunansa garɗi. Amma har yanzu ba a raba mu da maƙwabciyata ba. Ɓargon da Dan Dilimi ya kawo ba wanda ya amsa masa.

Hajiya_Mai_Masa:
Ɓargo kam na ba shi, yana da garɗi. Ƙwaƙwalwa ma, da gwaiduwar ƙwai. Amma tsoka ba ta da shi.

Abu_Sadiq_Gangare:
Ni ko ɓargon ban ba shi ba. Maiƙo ne. In duk mai maiƙo garɗi ne, to a sha man gyaɗa da cokali a ce garɗi.

Dan_Dilimi:
Man shanu a kan tuwo fa, Abu Sadiq? Shi ma za ka hana shi?

Abu_Sadiq_Gangare:
Man shanu armashi yake ƙarawa. Ƙamshi ne da maiƙo.

Malam_Nahawu:
Armashi ma kalma ce da ya kamata a tsaya a kanta, don ita ba ɗanɗano ba ce. Ita ce ɗan abin da ake ƙarawa daɗi ya cika: yaji a gefen masa, ƙuli a kan rama, sanyi a kunun aya, har cin abinci cikin jama'a. Taro ma yana yin armashi. Haka sauran duk sun fita daga kicin sun shiga rayuwa. Muna cewa zaƙin murya, muna cewa mai daɗin baki ga wanda ba a gama yarda da shi ba, muna cewa dangantaka ta yi tsami, muna cewa gaskiya ɗaci gare ta. Kuma za ka ji an ce karatun wane yana da garɗi, ko hirar tsofaffi ta fi garɗi. Ku lura ba a faɗin haka ga abu mai hayaniya, sai mai nutsuwa da ake so a daɗe ana saurare.

Maman_Twins_Bauchi_Road:
Ba a ambaci santi ba. Mu a gidanmu shi ne babban yabo ga mai girki. In maigida yana cikin cin tuwo ya fara alƙawarin da ba a tambaye shi ba, yara su ce Baba santi, ni a ranar na san hannuna ya faɗa daidai. Kuma ban taɓa ganin alawa ta sa babba santi ba, sai tuwo da miya ko dambun nama.

Baba_Na_Zazzau:
Akwai wanda zai ƙara rikita ku. Ruwa fa? Ba maiƙo, ba gari, ba wuta, amma muna cewa ruwan rijiyar gidan wane yana da garɗi, na gidan wane kuma zartsi gare shi, ko sabulu ba ya kumfa da shi. Ruwan sabuwar randa da ya kwana ya yi sanyi, kowane dattijo zai ce maka garɗi gare shi. Ummi, ina wannan zai shiga a lissafinki na abu uku?

Ummi_Kimiyya:
Baba wannan kam ya fita daga lissafina. Zartsi dai gishirin ƙasa ne da ya narke a ruwan ya yi yawa. Na randa kuma akwai sanyi da ƙamshin yumɓu, wataƙila hancin da Injiniya ya faɗa ne ya sake shigowa.

Nanret_Bokkos:
Ruwan da ke fitowa daga ƙarƙashin dutse a ƙauyenmu ma haka ake ce masa. Wanda ya saba da shi in ya zo gari ya sha na leda sai ya ce bai kashe masa ƙishi ba.

Auwal_Mai_Shayi_Terminus:
Shi ya sa ba kowane ruwa nake dafa shayi da shi ba. Akwai rijiyar da in ka dafa da ruwanta, ganyen ba ya sakin jiki, sai wani baƙi-baƙi ya taso a sama, ko gwangwanin madara guda ka juye ba zai gyaru ba. Gara in biya mai kura ya kawo mini daga nesa.